Laftof ɗina tana ɗaukewa ɗif ina cikin aiki

Tambaya: Salam injiniya, ni ɗalibi ne a Katsina, ina da HP ta hannu, in na kunna ta yi kamar minti 30 sai kawai ta mutu ɗif, fankarta kuma ƙara kamar injin niƙa. Sau biyu ana sake mani Windows amma ba ta daina ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ka bar ɓarnar kuɗi wajen sake Windows, kwamfutar da ke mutuwa ɗif bayan ta ɗan yi aiki fanka na ihu, zafi ne ke damunta. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafinta ya kai wajen digiri 100 ita da kanta take yanke wuta don kar ta ƙone, wato kare kanta take yi.

Kuma ka san garinmu, ƙurar hunturu ta shiga ta zauna, sai ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ku ɗalibai da ɗora laftof bisa katifa ko filo, ramukan iskar da ke ƙarƙashi duk a toshe. In ka buɗe irin wannan za ka tarar da ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen jan ƙarfen nan mai janye zafin firosesa kamar audugar katifa, wallahi wani lokaci da tsinke muke zaro ta.

Ka sauke Core Temp, manhaja ce mai nuna zafin firosesa, kyauta ce, ka duba. In ba ka aikin komai amma tana nuna digiri 80 ko 90 to magana ta ƙare. A cire batir da caja, a buɗe, a hure ƙurar da bulowa amma a danne fankar da yatsa kar iska ta juya ta da ƙarfi ta lalace, sannan a goge tsohon man nan mai ruwan toka da ke kan firosesa, ya bushe ya zama kamar alli, a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar dawa. Wasu masu gyaran hurewa kawai suke yi su karɓi kuɗi, ka tsaya a kai ka ga an canza man.

In kuma zafin lafiya lau ne sai a koma wajen wuta. Mutuwa da zarar an ɗauke lantarki ko an zare caja, batir ne ya gama. Cajar ma ka duba bayanta, yawancin HP 19.5V suke sha, jabun caja a kan janareta mai hawa da sauka kuwa ba abin da ba ta haifarwa.

Gwaji ɗaya mai sauƙi, kana kunnawa ka danna F10 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ka bar ta nan. In ta mutu a can ma, Windows ba ruwanta. Idan an share, an canza man, an gwada wata cajar tana nan dai tana ɗaukewa, a cire RAM, wato ɗan siririn katin memori da ke cikinta, a goge haƙoranta da roba ta goge fensir a mayar, in ya ƙi sai a kai wa mai auna bod, wato babban allon lantarkin cikinta, da mita.