Hukuncin Ajiye Aiki Kafin Lokacin Ritaya ga Mai Iyali da Bashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kaduna, shekarata 47, na yi shekara 22 ina aiki. Na gaji, kuma raina ya karkata ga karatun addini da kula da gonata da ke wajen Rigachikun. Ina da mata da 'ya'ya shida, huɗu mata ne ba a aurar da ko ɗaya ba, mahaifiyata tana hannuna, ga sauran bashin ƙungiyar ma'aikata da ake cira a albashina. Wani abokin karatuna ya ce zaman jiran fansho raunin tawakkali ne. Shin ya halatta in ajiye aikin yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya kafin ka miƙa takarda, domin da yawa sai bayan alƙalami ya bushe suke zuwa. Asalin ajiye aiki halal ne, babu saɓani, matuƙar an cika sharaɗin sanarwa da aka yi yarjejeniya a kansa. Da kai kaɗai ne, ko da 'ya'yanka sun kama gabansu, da amsar ta tsaya a nan.

Abin da ya sauya hukunci a kanka shi ne shekara 47 da ka ambata, haɗe da bakin mutum takwas da ke ci daga hannunka. A dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki da kansa bai kai shekara 50 ba, ba a fara biyansa fanshon wata-wata. Iyakar abin da zai iya cira shi ne kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru a asusun fanshonsa, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Ke nan tsakaninka da fansho akwai shekara uku cur, babu albashi, kuma kashi 18 cikin ɗari da ake zuba maka duk wata, takwas daga albashinka goma daga gwamnati, zai yanke tun ranar da ka fita. A cikin shekarun nan uku ciyarwa ba ta saraya. A mazhabar Malikiyya wajibi ne ka ciyar da matarka ko da tana da dukiya, da mahaifiyarka idan ba ta da shi, da 'ya'ya maza har su balaga suna masu iya nema, da 'ya'ya mata har a aurar da su su tare. Bashin ma yana nan, kuma masu shi sun ba ka ne bisa amincewar cewa albashi zai riƙa shiga. Saboda haka, idan gonar ba ta riga ta nuna cewa za ta ɗauki gidan da bashin ba, bai halatta ka ajiye aikin yanzu ba, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Maganar abokinka kuwa ina ganin da kyakkyawar niyya ya faɗe ta, amma kuskure ce, kuma ta ruɗi mutanen kirki da dama. Babu wanda ya fi Manzon Allah tawakkali, amma ya tabbata cewa yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Wasu mutanen Yaman sun kasance suna fita aikin hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka sai su koma roƙon mutane, sai Allah ya saukar da umarnin a yi guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Hadisin tsuntsaye da masu wannan ra'ayi suke yawan kawowa, cewa da mun dogara ga Allah yadda ya kamata da ya azurta mu kamar yadda yake azurta tsuntsaye, hujja ce a kansu, domin tsuntsun da aka ce yana dawowa da yamma a ƙoshe sai da ya yi sammako ya bar sheƙarsa. Da aka tambayi Imamu Ahmad game da wanda ya zauna a gida ko a masallaci ya ce ba zai yi aikin komai ba har arzikinsa ya zo masa, cewa ya yi wannan mutum ne da ya jahilci ilimi. Idan kuma aka ce Sayyidina Abubakar ya bayar da dukiyarsa duka, to, ɗan kasuwa ne mai sana'a a hannu, wanda ko bayan an yi masa mubaya'a sai da ya nufi kasuwa da haja, har sahabbai suka yanka masa abin da zai riƙe gidansa. Kana da ikon ka zaɓa wa cikinka haƙuri da yunwa, amma ba ka da ikon zaɓa wa tsohuwarka da 'ya'yanka mata ita, domin haƙƙinsu ne. Ka tambayi abokin naka cikin ladabi: idan buhun masara ya ƙare a watan bakwai, shi ne zai sauke wani a ƙofar gidanka?

Karatun da kake so ma yana buƙatar natsuwa. Na ga wanda ya bar aiki don karatu, bayan 'yan watanni yana zaune a majalisi da littafi a buɗe, waya tana ta ƙara a aljihunsa, yana ganin sunan mai shago yana kife ta, har aka tashi bai juya shafi ba. Ban so maka haka. Ka riƙe darasin bayan asuba da na tsakanin magariba da isha, da na Asabar da Lahadi. Mai lizimtar wannan shekara uku zai sauke littattafai masu yawa.

Ba kuma cewa nake sai ka kai shekara 60 ko ka cika 35 a aiki ba, wanda a lissafinka saura shekara 13. Gajiya gaskiya ce, jikinka kuma yana da haƙƙi a kanka. Shawarata ka sa shekara 50 a gaba: ka gama biyan bashin, ka noma gonar damina biyu ko uku kana rubuta kuɗin taki da ƙwadago da abin da aka girbe, ka je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka su lissafa maka abin da za ka riƙa karɓa a wata, sannan ka gwada riƙe gidan da wannan adadin na wata shida tun kana cikin aiki. Kowa ya ga yadda kuɗin abinci da na mota suka tashi tun cire tallafin mai a 2023, don haka kada ka yi lissafi da farashin bana kaɗai. Ka zauna da uwargidanka ku yi maganar a fili, domin ita ce za ta fara ganin tukunya. Ka kuma nemi a mayar da asusun fanshonka rukunin zuba jari na shida, wanda hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe don masu gudun riba.

Ina yi maka kashedi da hanyar da wasu ke bi idan sun gaji, wato su bar sunansu a ofis suna karɓar albashi alhali jikinsu yana gona. Wannan cin haram ne, kuma ajiye aiki a sarari ya fi shi alheri nesa ba kusa ba. Abu biyu ne za su sa in janye hanin ajiye aikin da na yi: idan ana tilasta maka sa hannu a kan haram a wurin aikin ba ka da mafita, ko likita amintacce ya tabbatar aikin yana cutar da lafiyarka. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, ka sake rubuto mini da bayaninsa. Allah ne mafi sani.