Hukuncin tsarki da sallar wanda lakarsa ta samu rauni

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanena ya yi hatsarin babur wata 7 da suka wuce, likitoci suka ce lakarsa ta samu rauni a tsakiyar baya. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, kuma an sa masa robar fitsari da jaka. Tun daga lokacin ya daina salla, yana cewa kullum cikin najasa yake. Wani lokaci ƙafarsa takan zabura da kanta, sai wasu a gida su ce da ya so da ya motsa ta, wasu kuma su ce iska ce. Mene ne hukuncin tsarkinsa da sallarsa, kuma ya zai yi da sallolin da suka wuce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa wannan jarrabawa ta zama kaffara, ku kuma ya saka muku da alheri a kan jinya.

Malaman usulu suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa, don haka zan fara da bayanin abin da ya same shi. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa, har da hanyoyin jini, amma waɗanda muke magana a kansu a nan su ne jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo. Cibiyarsu ƙwaƙwalwa ce, kuma daga gindinta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, tsawonta a jikin babban mutum kimanin santimita 45, ta tsaya daidai saman ƙugu. Daga laka jijiyoyi tagwaye 31 suke fita dama da hagu zuwa gaɓoɓi, wasu tagwaye 12 kuma daga ƙwaƙwalwa suke fita kai tsaye, su ne ke kula da gani da ji da shaƙar ƙamshi da ɗanɗano da motsin fuska da harshe. Saƙo yana tafiya ta fuska biyu: na jin taɓi da zafi da sanyi yana hawa zuwa ƙwaƙwalwa, umarnin motsi kuma yana sauka zuwa tsoka. Idan laka ta yanke ko ta murƙushe a wani wuri, abin da ke ƙasa da wurin ba ya iya aika labari sama, umarni ma ba ya isa gare shi, alhali abin da ke sama yana nan lafiya lau. Shi ya sa ƙanenka yake magana, yake tunani, yake cin abinci da hannunsa, amma bai san mafitsararsa ta cika ba.

Zaburar ƙafa kuwa tana da bayani sananne. Laka tana da wasu ayyuka da take zartarwa ita kaɗai ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda mutum yake janye hannu daga tukunya mai zafi kafin ma ya gane ya ƙone. Guntun lakar da ke ƙasa da raunin yana nan da rai, kuma tunda linzamin ƙwaƙwalwa ya saki, sai ya riƙa sa ƙafar ta harba idan an taɓa ta ko an juya maras lafiya. Wannan motsi ba da nufinsa ba ne, bai halatta a tuhume shi da ƙarya ko lalaci a kansa ba, kuma ban ga dalilin danganta shi ga iska ba tunda sababinsa a fili yake. A gaya wa likita idan ya yawaita, domin wani lokaci alama ce ta gyambon kwanciya ko cutar mafitsara da shi maras lafiyar ba ya jin zafinsu.

Daga nan hukuncin ya fito. Shari'a ta rataya wajabcin salla ga hankali, hankalinsa kuma bai taɓu ba, don haka salla tana kansa. Abin da aka sauke masa shi ne abin da ya gagare shi kawai, saboda faɗin Allah a aya ta 16 ta Suratut Tagabun cewa mu ji tsoronsa gwargwadon ikonmu, da aya ta 286 ta Suratul Baƙara cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla yana fama da basur, sai ya ce masa ya yi a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Ƙanenka zai yi salla a zaune, a gado ko a kekensa, ya yi nuni ga ruku'u da sujada, nunin sujada ya fi na ruku'u sunkuyawa. Ranar da zama ya gagara ya yi a kwance, a fuskantar da shi alƙibla idan hakan ba zai cutar da bayansa ba.

Batun fitsari shi ne ya hana shi salla, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Fitsarin da ke fita ba da zaɓin mutum ba malaman fiƙihu suna kiran sa salas. A mazhabar Malik, idan ya lazimci mutum a duk lokaci, ko mafi yawansa, ko rabinsa, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta idan babu wahala. Robar da aka bari a jiki tana zuba cikin jaka dare da rana ta shiga wannan hukunci ba tare da shakka ba. Sauran mazhabobi uku sun wajabta masa sabuwar alwala bayan shigar lokacin kowace sallar farilla, suna kafa hujja da hadisin Faɗima 'yar Abu Hubaish a kan jinin istihala, wato jinin ciwo da ke zubo wa mace ba na haila ba. Abin da nake zaɓa masa shi ne ya yi alwala ga kowace salla idan akwai mai taimaka masa a kusa, domin fita daga saɓani, idan kuma babu, alwalarsa ta farko ta isar masa matuƙar wani abu dabam bai warware ta ba. Amma idan nan gaba likitoci suka cire wannan roba suka koya masa zura wata da hannunsa a lokuta sanannu, to wannan fitsari da zaɓinsa ya fita, kuma yana warware alwala kamar na kowa.

Jakar da ke rataye a jikinsa da abin da yake ɗiga a tufafinsa an yi masa rangwame a kansu. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya yi sallar asuba bayan an soke shi alhali rauninsa yana kwararar da jini. Ya kyautu a zubar da abin da ke jakar kafin salla idan ya sauƙaƙa, a canza zanen gado idan ya ɓaci sosai, amma kada a bari lokaci ya fita saboda jiran haka. Idan bayan-gida ya fito aka gani, a wanke masa ya sake alwala, kuma matarsa ce ta fi cancanta da wannan aiki. Idan ba shi da mata, namiji daga cikin 'yan'uwansa ya yi da safar hannu, yana kau da ido iyakar ikonsa.

Rashin ji a ƙafa bai sauke wanke ta a alwala ba, domin gaɓar tana nan kuma aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta ambace ta. Idan hannunsa bai kai ba, wani ya wanke masa, niyya kuma tasa ce. Sai dai ku kula da ruwan ɗumi, musamman a lokacin sanyi: mai zubawa ya fara gwada shi a bayan hannunsa, domin ƙafar da ba ta jin zafi takan sale maigidanta bai sani ba. A kuma tsane tsakanin yatsu da tsumma bayan an gama. Idan babu mai kawo masa ruwa har ya ji tsoron fitar lokaci, ko likita ya hana ruwa taɓa shi, sai ya yi taimama, don haka a ajiye masa dutse mai tsarki inda hannunsa zai kai.

Sallolin da suka wuce kashi biyu ne. Waɗanda lokacinsu ya shiga ya fita yana sume bayan hatsarin babu ramuwa a kansu a wurin Malik, saboda Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba, kuma Ibn Abi Zaid ya tabbatar da haka a Risala. Waɗanda ya bari yana cikin hayyacinsa bisa zaton cewa najasa ta hana shi, wajibi ne ya rama su, ya kuma nemi gafarar Allah. Ya ƙiyasta yawansu tun daga ranar da ya farfaɗo, ya riƙa rama abin da jikinsa zai ɗauka kowace rana, a zaune ko a kwance kamar yadda yake sallarsa ta yanzu, har ya kammala. Allah ne mafi sani.