Kallon adon Kirsimeti a Italiya

Sannu ƙanena. Ka ce za ka bar Damagaram ka je hutu wajen yayanka a Italiya cikin Disamba, kana so ka ga adon nan da Kiristoci ke yi na haihuwar Annabi Isa, ina ya fi kuma yaushe.

In da hali je ka Napoli, akwai wani lungu San Gregorio Armeno, masu aikin hannu ne tun kaka da kakanni suke ƙera ƴan mutum-mutumi da yumɓu, makiyaya da tumaki da jaki har da mai tallar kifi, wallahi da na shiga sai da na tuna dukawanmu na Zinder saboda tsabar haƙurin aikin. Adon nan, wato siffar wurin haihuwar da jariri kwance cikin kwamin dabbobi, su presepe suke ce masa. A wani ƙauyen Italiya, Greccio, abin ya samo asali, shekarar 1223, wani waliyyin Kiristoci, Faransis na Asisi, ya shirya shi da dabbobi masu rai.

Kar ka yi gaggawa, yawanci sai 8 ga Disamba ake kafawa, bayan 6 ga Janairu a kwashe. In ka ga kwamin babu jariri ba mantuwa ba ce, sai daren 24 suke sa shi. Asabar da Lahadi cunkoso ya yi yawa a lungun nan na Napoli, je da safe ranar aiki, ka riƙe wayarka da kyau. Cikin coci cire hula, kar ka taɓa komai, kar ka ɗauki hoto suna addu'a.

Maganar hukuncin shiga coci kuwa, wannan ka zauna da malaminka kafin ka tashi.