Likita, akwai maganin da ke ƙara girman gaba?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 27, bikina saura wata uku amma wlh hankalina ya ƙi kwanciya, gani nake gabana ya yi ƙanƙanta. Na sha garin magani na wani mai lasifika a tasha, na sayi man shafawa a Facebook har na dubu sha biyar, ba abin da ya canza. Yanzu abokina ya ce ana yin tiyata, shin in fara tara kuɗi? Daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Ka riƙe kuɗinka ka ƙara a lefe, kuma ka daina shan garin nan tun yau.

Gaskiyar magana babu saiwa, babu mai, babu ƙwaya da ke ƙara tsawon gaba bayan mutum ya gama balaga. Kuma yawancin samarin da ke rubuto min irin wannan wasiƙa lafiyarsu ƙalau, tsoro ne kawai da hirar majalisa. A 2015 likitoci a Landan sun haɗa awon maza sama da 15,000, matsakaicin tsawo a miƙe santimita 13 ne da ɗan ɗoriya. Wanda likita zai kira ƙanƙancewa ta gaske sai ya gaza kamar santimita 7, kuma ba kasafai ake samu ba. In kana da teɓa, kitsen mara ne ke binne gindin abin, ka rage shi za ka ga bambanci.

Tiyatar da abokinka ya ji, wata jijiya ce da ta riƙe gaba da ƙashin mara ake yankewa, sai ya ɗan ƙara zazzagowa santimita ɗaya ko biyu a kwance, amma in ya miƙe kusan yana nan yadda yake, wani ma ya rasa tsayuwarsa ya riƙa kallon ƙasa. Masu yin allurar silikon ko man basilin a ƙarƙashin fata kuwa, wannan shi ya fi tada min hankali, wurin yakan yi kulu-kulu ya taurare ya zama gyambo, ƙarshe sai an yanke fatar an yi dashen wata.

Shi kuma maganin tasha ba ka san me ke ciki ba. Burantashi yana tada hawan jini da bugun zuciya, wasu kuma sinadarin Viagra suke daka wa a ciki su ce na gargajiya ne zalla, ga mai shan maganin ciwon zuciya wannan na iya kada shi.

Kafin biki ka je babban asibiti ka nemi likitan mafitsara ya duba ka, minti goma ne, ba abin kunya. In kuma ka sha wani abu gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, musamman in kana da sikila, kar ka jira gari ya waye, ka tafi asibiti a daren.