Me ya sa Fada ba ya aure, amma fasto yana yi?

Kin tambaya ko duk malaman coci ne aka hana aure. A'a, ya danganta da ɗarika da matsayi.

A Katolika matakan uku ne: dikon (mai taimaka wa Fada), Fada, sai bishop. Fada da bishop ba sa aure. Dokar coci ce, wadda taron Lateran na biyu (babban taron shugabannin coci a Roma) ya ƙarfafa a 1139, inda ya ce auren wanda aka riga aka naɗa bai ɗauru ba. Dikon na dindindin kuwa, wato wanda ba a kan hanyar zama Fada yake ba, ana iya naɗa shi yana da mata, in ya kai shekara 35 kuma matar ta amince a rubuce. In ta rasu, a ƙa'ida ba zai sake aure ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne cocin Otodoks da Kibɗawan Masar. A can ana naɗa magidanci limami, amma wanda aka naɗa yana gwauro ba zai yi aure daga baya ba. Aure ne farko, sannan naɗi. Bishop kuma ba a zaɓar mai mata.

A Angilikan, ECWA da COCIN, malami yana aure ba tare da wata matsala ba, suna kafa hujja da 1 Timoti 3:2, cewa shugaba ya zama mijin mace ɗaya. Har ma limamin Angilikan mai iyali, in ya koma Katolika, ana iya naɗa shi Fada da izinin Paparoma, yana tare da matarsa.