Ga 'yar uwar da ke son kai yara gonar furen dafodil

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da zuwa Ingila, Allah Ya sa kin shigo a sa'a. Na ga tambayarki tun jiya: kina son kai yara gonar wannan furen mai ruwan ɗorawa da Turawa ke kira dafodil, kina tambayar lokaci da wuri, da ko za ki iya sayen irinsa ki aika wa Hajiya a Kano ta shuka. Shekarata bakwai a Peterborough, na je har sau uku, kuma zuwan farko asarar mai kawai muka yi, don haka bari in ba ki labari yadda yake.

Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne, gonar da ake noman furen don kasuwa ba ta yin rawaya. Kore shar za ki same ta. Ana tsinke shi ne tun yana dunƙule, kansa a tsuke kamar bakin fensir, domin ya yi kwanaki a hanya da kanti, sai ya isa gidan mai saye ya buɗe a cikin ruwa. Mu kuwa mun ga hotuna a intanet, muka ɗauka duk inda aka ce gona haka take. Baban yara ya ja mu a mota wajen garin Spalding a yankin Lincolnshire, wanda shi da Cornwall ne cibiyar wannan noma a Ingila. Ƙasar wajen a shimfiɗe take kamar tabarma, dā fadama ce aka janye mata ruwa, ko'ina magudanai. Muka tsaya a bakin wata makekiyar gona, kunya-kunya kamar ta dankali, babbar 'yata ta leƙa ta taga ta ce, “Mama, ai wannan gonar albasa ce.” Ban iya musa mata ba.

Amma a nan na ga abin da ban manta ba. Ma'aikata ne jere a cikin kunyoyin, kowa a duƙe, da rigar ruwa, hannu ɗauke da zoben roba rututu. Mutum ya sa yatsu can gindin kara ya ɓalle, ya ƙirga goma, ya ɗaure, ya ajiye, ya matsa gaba, ko ɗagowa ba ya yi, domin da yawan ƙullin da ka yi ake lissafin kuɗinka. Yawancinsu baƙi ne masu zuwa aikin kaka, daga Romaniya da Bulgeriya, a 'yan shekarun nan kuma har da ƙasashen tsakiyar Asiya irin su Uzbekistan da Kirgistan. Ɗaya daga cikinsu ya ga hijabina ya yi mana sallama. Da ya cire safar hannu don su gaisa da Baban yara, sai na ga bayan hannunsa da tsakanin yatsunsa sun yi jawur, sun tsattsage kamar kaushin hunturu. Ruwan karan furen ne ke yin haka, yana da wasu 'yan ƙananan tsinaye da ido ba ya gani, suna shiga fata. Tun daga ranar, in na ɗauki ƙulli ɗaya na fam guda a kanti, hannun bawan Allahn nan nake tunawa.

To ina ake ganin rawayar? Wasu gonakin ana barin su su yi fure domin ƙwayar da ke ƙasa ake wa noman, ita za a tono a watan Yuni ko Yuli a sayar a matsayin iri. Waɗannan kam in kin dace da su a kan hanya, sai kin ce a tsayar da mota. Sai dai gonar mutane ce, daga bakin titi ake kallo, ba a shiga. Wadda za ki kai yara ita ce ƙaramar gona ta iyali da ke buɗe wa baƙi ƙofa, ki biya, ki tsinka da kanki. Ki duba shafinsu a ranar da za ki tafi, ko ki buga waya ki tambaya kai tsaye ko fure ya buɗe. In kina son wanda ya fito da kansa ba shuka shi aka yi ba, akwai ƙauyukan Dymock da Kempley a Gloucestershire, da kwarin Farndale a arewacin Yorkshire. Na dajin gajere ne, launinsa bai kai na gona ƙarfi ba, amma ni ya fi kwanta mini. Ƙauyen Thriplow kusa da Cambridge kuma suna yin biki na kwana biyu duk shekara, can sai kin sayi tikiti tun da wuri.

Lokaci kuwa ya danganta da inda kike. Cornwall tana can kudu maso yamma, teku na rage mata sanyi, tun watan Janairu suke tsinka. Mu na tsakiya da gabas, tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu ne ganiyarsa, arewa ta ɗan fi jinkiri. Kada kalmar bazara da ake fassara wannan lokacin da ita ta ruɗe ki. Bazararmu gumi ce da jiran hadari, tasu iska ce mai ratsa ƙashi, musamman a fili irin na Lincolnshire da babu tudun da zai tare ta.

Zuwanmu na biyu a 2024 ne, cikin azumi, bayan ruwan da aka yi ta tafkawa a watan Fabrairu. Na sa doguwar abaya da takalmi mai kyau saboda hoto. Taku biyar na yi laka ta riƙe ƙafa ɗaya, na fito da safa kawai, autana yana ta ƙyaƙyata dariya, matar gonar ta aro mini dogon takalmin roba na mijinta. Bakin abayar nan har yau bai koma daidai ba. Ki sa wando mai kauri a ciki, riga wadda ba ta jan ƙasa, kowa da takalmin ruwa, ki tafi da leda ta zuba su in za a shiga mota. Ki ɗauki darduma, don da wuya ki ga masallaci a ƙauyukan nan, a gefen mota muka yi azahar. Abinci ma ki yi guzuri, ɗan shagon gona shayi ne da kek, naman da ke ciki kuma ba namu ba ne.

Yanzu maganar da ta fi komai, tunda kin ce kina da mai shekara biyu. Furen nan guba ne tun daga ganye har ƙwaya, ƙwayar ta fi. Yana sa amai da gudawa da murɗar ciki. Kamarsa da albasa ba wasa ba ce: a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila sai da ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta shi daga wajen kayan miya, saboda mutane na saye su dafa. Mu da ba mu taso da shi ba mun fi kowa shiga haɗarin. Kada ki ajiye ƙwayar a kicin ko kusa da buhun albasa, musamman in kina da baƙuwa daga gida da za ta shiga girki. Yara su sa safar hannu, su wanke hannu kafin su taɓa ido ko abinci. Abin mamaki, daga wannan tsiron ne ake samun wani sinadari, galantamin, da ake bai wa masu cutar mantuwa ta tsufa, har ana noma shi don haka a tsaunukan Wales. Mutanen Wales ɗin ma shi ne furen ƙasarsu, suna maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris.

In kun dawo gida da shi, ki zaɓi wanda bai gama buɗewa ba, ki yanke gindin kaɗan, ki sa a ruwa shi kaɗai. Yauƙin da yake fitarwa yana kashe sauran furanni in an haɗa su kwalba ɗaya. Zai yi miki kamar mako guda in ɗakin ba zafi sosai.

Batun aika wa Hajiya, ki bar kuɗinki. Ana binne ƙwayar ne a watan Satumba ko Oktoba, sai ta kwashe makonni cikin ƙasa mai tsananin sanyi kafin ta yarda ta yi fure, kuma hunturun Kano bai kai nan ba, ga rana da tsakar yini. Ko ƙwayar ta tsiro, ganye kawai Hajiya za ta gani. Ga kuma dokar shigar da tsirrai a filin jirgi, ga tsoron kada wani ya yanka ta a miya. Ki ɗauka mata bidiyo ya fi. Ke kuma in kina da ɗan fili a bayan gida ko tukunyar shuka, ki sayi ƙwaya goma in kaka ta zo, ki binne su zurfin tsawon ƙwayar sau uku, tsinin yana kallon sama. Bayan fure ya bushe kada ki yanke ganyen sai ya yi wajen mako shida, da shi ƙwayar ke tara abincin baɗi. Nawa shekararsu huɗu ke nan suna fitowa a gindin katanga, ko taki ban taɓa zuba musu ba.