Masauki a Salvador: Barra ko Pelourinho?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi mako guda a Salvador ta jihar Bahia a Burazil, kana tunanin sauka a unguwar Pelourinho. Ni dai unguwar Barra zan ce maka.

Pelourinho wurin yawon rana ne: tsofaffin gidaje masu launi, coci-coci, titunan dutse masu hawa da gangara. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Amma dare na yi, wasu lungunan sai su yi tsit, baƙo ba ya sakewa da waya a hannu.

A Barra kuwa, daga ɗakinka sai ka taka zuwa bakin ruwan da ake kira "Porto da Barra", inda teku ke kwance, ga shaguna da gidajen abinci kusa. Nemi ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, don gumin garin ba wasa. Idan tafiyarka ta faɗo lokacin bikin Kanibal, Fabrairu ko Maris, kuɗin ɗaki kan yi tashin gwauron zabi, kiɗa kuma har asuba a ƙofarka.

Unguwar Rio Vermelho kuwa ta masu hirar dare ce. Ka leƙa ka ci acarajé, ƙosan wake da ake soyawa da manja.